Gwanin ciniki ya zama manaja, reshe ya ja baya: kwas ne maganin?

Wani ɗan kasuwa a Jos, mai sayar da takin zamani da iri da maganin feshi, ya aiko da tambaya. Yana da babban shago da sito a cikin gari, da rassa uku a Bukuru da Mangu da Bokkos, ma'aikatansa kuma sun kai 40. Ya ce bara ya ɗauki yaron da ya fi kowa iya ciniki ya naɗa shi manajan reshen Mangu, amma kafin a cika wata takwas ma'aikata biyu sun ajiye aiki, bashin da ke hannun manoma ya taru, shi kuma manajan ko ƙaramin hukunci ba ya yankewa sai ya bugo waya. Yana so ya san ko ya tura shi kwas na mako guda a Abuja ko ya sauke shi, da kuma yadda zai raini manajojin da za su riƙe masa harka ba sai yana tsaye a kansu ba.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Na shafe shekaru masu yawa ina aikin kula da ma'aikata da horar da su, a gwamnati da kuma kamfanoni masu zaman kansu, kuma abin da ka kawo na cikin matsalolin da na fi cin karo da su. Shawarata ita ce kada ka sauke shi yanzu, kuma kada ka ɗora dogaronka a kan kwas na mako guda. Yaron nan canza masa sana'a ka yi ba tare da ka faɗa masa ba, sannan, bisa dukkan alamu, ka ba shi kujerar ka riƙe ikon da ke tafiya da ita a hannunka. Duk wani gyara da bai taɓa waɗannan abubuwa biyu ba, kuɗi ne za ka kashe ka dawo inda kake.

Gwanin ciniki da bakinsa da ƙafarsa yake cin nasara. Ya san manomin da zai biya bayan girbi da wanda zai ɓace, ya san lokacin da zai sassauta farashi da lokacin da zai tsaya, kuma da yamma yana iya ƙirga abin da ya sayar ya kwanta da farin ciki. Manaja kuwa ta hannun wasu yake cin nasara. Aikinsa shi ne ya raba aiki, ya koyar, ya bi sawun bashi, ya daidaita littafin sito da abin da ke cikin sito, ya sasanta mutum biyu da ba sa ga maciji, ya kuma faɗa wa wanda ya girme shi cewa aikinsa bai yi ba. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ake koya a bayan kanta. Shi ya sa sabon manaja, idan nauyin ya danne shi, yakan gudu ya koma wurin da ya san ya iya. Ina kyautata zaton idan ka je Mangu ranar kasuwa ba tare da ka sanar ba, a bakin kanta za ka same shi yana ciniki da manyan kwastomomi da kansa, yaran suna tsaye suna kallo. Idan kuwa akwai kamasho a kan abin da mutum ya sayar, to ka ga abincin bakinsu yake ɗaukewa ba da niyya ba, kuma ba zan yi mamaki ba idan wannan ne ya kori mutum biyun nan.

Wannan ba ciwon kasuwarmu ba ne kaɗai. Tun a 1969 wani malamin jami'a ɗan asalin Kanada, Laurence Peter, ya yi nuni da cewa a ma'aikatun da ake ƙarin girma bisa ƙwazon mutum a aikin da yake kai, kowa zai yi ta hawa har sai ya isa matakin da bai iya ba, a nan kuma zai maƙale. A 2019 wasu masana tattalin arziki uku a Amurka suka wallafa bincike a kan masu sayar da kaya a kamfanoni da dama, suka gano cewa waɗanda suka fi ciniki su aka fi ɗagawa zuwa manaja, kuma bayan an ɗaga su cinikin yaran da ke ƙarƙashinsu yakan yi ƙasa idan aka kwatanta da na waɗanda ke ƙarƙashin manajojin da ba su kai su iya ciniki ba. Mu ma muna da abin da ya fi wannan daɗewa. Abu Zarri, wanda babu mai shakkar gaskiyarsa da gudun duniyarsa a cikin sahabbai, ya nemi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi shugabanci, aka amsa masa da cewa yana da rauni, ita kuwa amana ce. Nagartar mutum da ƙwazonsa a wani fanni ba su ne ke nuna zai iya ɗaukar mutane ba, kuma faɗin haka ba rage masa daraja ba ne.

Sai dai ban yarda a yanke wa yaronka hukunci da wannan ma'auni ba tukuna, saboda maganar wayar da ka ambata. Manajan da ke bugo waya a kan kowane ƙaramin abu, sau da yawa koya masa hakan aka yi. Na taɓa yin aiki da wani kamfani mai rarraba kayan masarufi, inda mai kamfanin ya kira ni yana kukan cewa manajansa na wani reshe ba shi da ƙarfin hali. Na je na wuni a ofishin, na zauna a gefe ina kallo. Da safe direba ya shigo yana neman kuɗin facin taya, manajan ya ɗauki waya ya kira mai gida, mai gida ya amsa da fara'a ya ce a bayar. Zuwa azahar manajan ya umarci mai kula da sito, wani dattijo da ya daɗe a gidan, ya fitar da kayan da suka kusa lalacewa a sayar da rangwame. Dattijon bai ko ɗaga kai daga littafinsa ba, ya ce, “To, bari in ji daga bakin Alhaji.” Ya fita waje ya yi wayarsa, ya dawo ya ce Alhaji ya ce a dakata. Manajan ya yi shiru ya koma kujerarsa. Da na faɗa wa mai kamfanin abin da na gani, sai ya ce shi bai taɓa hana shi yanke hukunci ba. Gaskiya ya faɗa, amma ma'aikatan sun ba ni labarin ranar da manajan, yana sabon zuwa, ya yi wa wani kwastoma ragi da kansa, mai gida ya zo ya yi masa faɗa a gaban masu dako. Tun daga ranar bai sake gwadawa ba, su ma kuma sun gane inda ikon yake.

Ka tambayi kanka, tsakaninka da Allah, ko wani abu mai kama da wannan ya faru a Mangu. Sau nawa wani daga cikin ma'aikatan reshen ya kira ka kai tsaye ka saurare shi har ka ba da umarni? Sau nawa wani babban manomi ya tsallake manajan ya zo gida, ka ce a ba shi buhu 20 bashi, manajan ya ji labari daga bakin direba? Idan haka na faruwa, bashin da ya taru ba shi kaɗai ya tara shi ba.

Gyaran farko, kuma mafi nauyi, shi ne ka rubuta masa iyakar ikonsa a takarda, ku sa hannu ku biyu, ka kuma karanta ta a gaban ma'aikatan reshen. Takardar ta bayyana abin da zai yanke shi kaɗai ba sai ya faɗa maka ba, kamar jadawalin aiki da ƙananan gyare-gyare da kashe kuɗi har zuwa wani adadi. Ta bayyana abin da zai yanke sannan ya sanar da kai a ƙarshen mako, kamar ragin farashi zuwa wani kaso ko ba manomin da ya saba biya bashin da bai wuce buhu biyar ba. Ta kuma bayyana abin da dole sai ya tuntuɓe ka, kamar ɗaukar ma'aikaci ko sallamarsa. Adadin kai za ka sa gwargwadon ƙarfin jarinka, kuma ƙanƙantarsa a farko ba laifi ba ne, muddin duk bayan wata uku za ku zauna ku duba yadda ya yi amfani da shi, idan ya yi kyau ka ƙara masa. Abin da ya fi takardar wuya shi ne riƙe kanka. Ranar da ya kira ka a kan abin da ke cikin ikonsa, kada ka ba shi amsa, ka ce masa, “Kai me ka gani?” Idan ya faɗa, ko da kai ba haka za ka yi ba, in dai ba zai jawo asarar da ta fi ƙarfinka ba, ka ce ya yi. Ranar da kuma wani ma'aikaci ya tsallake shi ya zo wurinka, ka tambaye shi ko ya yi magana da manajansa, ka mayar da shi. Sau uku ko huɗu kawai za ka yi haka reshen ya fahimta. Ƙorafin zalunci ko ha'inci daban ne, wannan ƙofarka ta kasance a buɗe gare shi, amma ko shi ka ji ta bakin manajan kafin ka ce komai.

Zai yi kuskure, kuma kuskuren zai ci maka kuɗi. Zai ba wani bashi ya ƙi biya, ko ya yi odar maganin feshin da ba a nema a wannan kakar ya zauna a sito. Ka ɗauki wannan a matsayin kuɗin makarantarsa, kuma shi ya sa aka fara da ƙaramin adadi. Wajibi ne dai ka raba kuskuren lissafi da cin amana. Wanda ya auna ya yi kuskure zama ake yi da shi a bi sawun yadda ya yi tunani a ga inda ya kauce, wanda ya ɓoye ko ya sa hannu a kuɗi kuwa hukuncinsa daban. Idan ka hukunta na farko kamar na biyu, abin da za ka koya wa duk manajojinka shi ne ɓoye matsala har sai ta ruɓe.

Dalilin da ya sa nake fifita wannan a kan kwas shi ne shugabanci a cikin yi ake koyonsa. A shekarun 1980 wata cibiyar nazarin shugabanci a Amurka ta tambayi manyan jami'an kamfanoni kusan 200 abubuwan da suka mayar da su abin da suka zama. Daga amsoshinsu ne aka fitar da ƙiyasin nan da masu horarwa ke yawan ambata, cewa kusan kashi 70 cikin 100 na koyo daga ayyuka masu wuya yake zuwa, kashi 20 daga mutanen da aka yi aiki da su, kashi 10 kacal daga aji da karatu. Ba na son a riƙe waɗannan lambobi kamar awon zinare, domin daga tunawar mutane aka tsamo su, amma inda suka nuna daidai ne, kuma kakanninmu a kan haka suka gina fataucinsu. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro yana da madugu, yana da jagaba mai sanin hanya da zango, yana da uban dawaki mai kula da kuɗin da ake biya a hanya, kuma babu wanda ya kwana ya tashi madugu. Yaro yakan fara da kula da jakai, ya yi tafiya bayan tafiya yana kallon yadda ake magana da sarakunan hanya, a ba shi ɗan jari a ga yadda zai juya shi, sannan a ƙara. Kai ma, na tabbata, da haka ubangidanka ya raine ka. Abin da wancan tsari ya rasa, wanda kamfani mai rassa uku ba zai iya yi babu shi ba, shi ne rubutu. A can komai yana cikin zuciyar ubangida, yau ya sake gobe ya janye, kuma masu cin gashin kansu tsarin yake fitarwa, ba masu riƙe wa wani harka ba.

Bayan iko sai zama. Ka ware masa sa'a guda kowane mako, rana ɗaya tsayayya, ko ta waya ce, sannan sau ɗaya a wata ka je Mangu da kanka. Kada zaman ya tsaya a kan nawa aka sayar, wannan littafi zai faɗa maka. Ka tambaye shi wane hukunci ne ya fi ba shi wuya a makon, wa yake koya wa aiki a cikin yaransa, wane bashi ne yake hana shi barci, kuma me kai kake yi da ke hana shi aiki. Tambayar ƙarshe ba zai amsa ta ba a karo na farko ko na biyu, amma ka ci gaba da yin ta. Kamfanin Google ya taɓa gwada cire manajoji daga sashen injiniyoyinsa a 2002, bai yi watanni ba ya mayar da su, daga baya kuma a 2008 ya fara binciken abin da ya bambanta manajojinsa na ƙwarai da sauran. Halin da ya zo a sahun farko shi ne iya koyar da na ƙasa, ƙwarewa a aikin kansa kuwa can baya ta zo. Manajanka ba zai iya yi wa yaransa abin da bai taɓa gani an yi masa ba, don haka zaman nan naka da shi darasi ne biyu a lokaci guda.

Akwai wani abu da na ga yana kayar da sababbin manajoji a wurinmu fiye da lissafi, shi ne faɗa wa mutum gaskiya a kan aikinsa. An raine mu da kunya da kawaici, kuma halaye ne masu kyau, amma a wurin aiki sukan sa manaja ya haɗiye abu wata da watanni, har ranar da zai fashe da faɗa a gaban jama'a a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Na ga irin wannan a aikin gwamnati ta wata fuskar, inda takardar tantance ma'aikaci ta shekara-shekara, wadda ake kira APER, ta zama kusan kowa maki mai yawa yake samu saboda babu shugaban da ke son a ce shi ya hana wani ƙarin girma, har gwamnatin tarayya ta ɗauko sauya ta da sabon tsarin auna ƙwazo. Gyara magana abu ne da ake koyarwa. A kira mutum gefe, a ambaci abin da ya yi da ranar da ya yi shi da abin da ya jawo, a saurari uzurinsa, a amince a kan abin da zai canza, ba tare da an taɓa halinsa ko gidansu ba. Ka gwada wannan da manajan a zamanku, kai ka zama ma'aikacin da ke makara, shi ya yi maka magana, ku maimaita har bakinsa ya saba. Idan a reshen akwai wanda ya haife shi a shekaru, ka nuna masa cewa zai iya kiransa Baba, ya gaishe shi da ladabi, ya nemi shawararsa, amma umarnin ya tsaya yadda yake. Usama ɗan Zaidu matashi ne lokacin da aka ba shi jagorancin rundunar da ke da manyan sahabbai a ciki, an yi ƙorafi, kuma wanda ya naɗa shi ne ya fito ya tsaya masa. Wannan tsayawar aikinka ce, ba nasa ba.

Haka ma maganar dangi. Idan akwai ɗan yayanka ko ƙanen matarka a reshen, kai za ka kira shi ka faɗa masa a gaban manajan cewa a wurin aiki manajan ne shugabansa. Muddin ba ka yi ba, kowa zai ɗauka akwai doka biyu.

A Filato kuma akwai wani darasin da babu kwas ɗin Abuja da zai koya masa yadda kai za ka koya masa. Ma'aikatanka da kwastomominka Musulmi ne da Kirista, Hausawa da Fulani da Birom da Mwaghavul da Ron da sauransu, kuma duk wanda ya ga abin da ya faru a Jos a 2001 da 2008 da 2010, da abin da yankin Mangu da Bokkos suka sha a 'yan shekarun nan, ya san yadda ƙaramin zargi ke girma. Manaja a wannan jiha dole ya iya raba hutun Juma'a da na Lahadi, na Sallah da na Kirsimeti, ta yadda babu wanda zai ji an danne shi. Dole ƙa'idar ba da bashi ta zama ɗaya ga kowa, a rubuce, don kada a ce yana fifita nasa. Dole kuma ya san yana da ikon rufe shago ya sallami ma'aikata su koma gida idan ya ga gari ba daidai ba, ba tare da ya jira wayarka ta shiga ba. Wannan na ƙarshe ka sa shi a saman takardar ikon nan.

Ban ce kwas ba shi da amfani ba. Akwai abubuwan da aji ya fi iya koyarwa, kamar karanta lissafin riba da asara, tsara littafin sito a kwamfuta, bin kwanakin bashi, da sanin abin da dokar ƙwadago ta ce a kan hutu da sallama. Kuma ba sai ka je nesa ba, domin hedikwatar Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, wanda aka kafa a 1971, a nan Jos take. Doka ta ɗora wa kamfanoni masu yawan ma'aikata irin naka biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin shekara ga asusun, kuma wanda ya horar da ma'aikatansa bisa sharuɗɗansu yana iya neman a mayar masa da har rabin abin da ya biya. 'Yan kasuwa da yawa suna biya ba sa nema, don haka ka aika akawunka ofishinsu ya tambayi sharuɗɗan kafin ka biya kuɗin kowane horo. Sharaɗina a kan kwas shi ne ya tafi da matsala ta gaske a hannunsa, misali bashin reshen, ya dawo da abin da zai yi a kanta cikin wata uku, kai kuma ka ba shi damar yi. Wani masanin horarwa, Donald Kirkpatrick, ya tsara tun 1959 cewa ana auna horo ta matakai huɗu: ko mahalarta sun ji daɗinsa, ko sun koyi wani abu, ko aikinsu ya canza, da ko ma'aikatar ta ga sakamako. Yawancin bitocin da ake yi a otal-otal a mataki na farko suke tsayawa, a raba takardar shaida da jaka da alawus a watse.

Ƙasar nan ba ta rasa makarantun shugabanci ba. Akwai kwalejin horar da ma'aikatan gwamnati ta ASCON a Badagry tun 1973, akwai Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Ƙasa a Kuru, nan kusa da mu, tun 1979, inda manyan jami'an gwamnati da na soja da na kamfanoni ke shafe kusan wata goma suna nazari. Kwamitin Udoji ma, wanda aka kafa don gyaran aikin gwamnati, tun 1974 ya ba da shawarar a riƙa auna ma'aikaci da sakamakon aikinsa. Na san mutane masu basira da suka fito daga waɗannan wurare, kuma abin da ke ci mini rai shi ne yadda da yawansu ke komawa teburin da suka bari, inda fayil ɗin da za su iya kashewa da kansu sai ya hau bene uku ya sauko. Ilimin da ba a ba shi wurin aiki ba dusashewa yake yi. Kada ka maimaita wannan a ɗan ƙaramin kamfaninka, inda kai kaɗai ne benen.

A kan rainon na gaba kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ka duba cikin ma'aikata 40 ɗin nan ka fitar da uku ko huɗu, kuma kada yawan ciniki ya zama ma'auninka. Ka nemi wanda sababbin ma'aikata ke zuwa wurinsa da tambaya ba tare da an tura su ba, wanda ke kawo maka labari marar daɗi da wuri, wanda idan an yi saɓani ɓangarorin biyu suke yarda ya shiga tsakani. Ka duba har da matan da ke ofishin lissafi, domin sau da yawa su suka fi kowa sanin inda kuɗin kamfani ke yoyo, amma ba a tuna su idan an zo naɗi. Ka juya su tsakanin sito da kanta da bin bashi, kowane wuri wata huɗu zuwa shida, kuma duk lokacin da manaja zai tafi hutu ka ba ɗaya daga cikinsu riƙo da cikakken iko na waɗannan makonni. Riƙon ƙwarya shi ne gwaji mafi araha da kake da shi, tunda idan bai yi ba mutum zai koma wurinsa babu wanda ya ji kunya. Ka kuma buɗe wata hanyar ci gaba da ba ta bi ta kujerar manaja ba, yadda gwanin ciniki zai iya samun albashi da kamasho da suka kai na manaja ko suka fi, yana nan a kan abin da ya iya. Muddin manajanci ne kaɗai hanyar ƙarin kuɗi da girma, kowa zai nema, har wanda ba ya so.

Shi kuma yaron na Mangu, ka zauna da shi a wannan makon ka fara da naka laifin, ka ce ka ba shi aikin da ba ka shirya shi ba. Ka tambaye shi, ba tare da barazana ba, ko yana son aikin, domin wasu sukan ji sanyi a ransu idan aka buɗe musu ƙofar fita cikin mutunci. Idan yana so, ku sa wata shida, ku amince a kan abu uku da za a gani: bashin da ya wuce lokaci ya ragu zuwa adadin da kuka ajiye, babu ma'aikacin da ya sake tafiya saboda shi, kuma akwai yaro ɗaya aƙalla da ya koya wa riƙe manyan kwastomomi. Ka cire shi daga kamashon cinikin kansa ka ɗaura ladansa da cinikin reshen gaba ɗaya, yadda nasarar yaran za ta zama tasa. Lokacin rani ya fi dacewa da wannan gwaji, tunda cinikin masu noman lambu a bakin tsofaffin kududdufan kuza bai kai hayaniyar damina ba, don kafin ruwan Afrilu ya sauka masu dankali da masara su cika shagon, kun riga kun san inda kuka tsaya. Idan wata shidan suka cika bai yi ba, ka ba shi kula da manyan manoma da ƙungiyoyinsu a duk rassan uku, da albashinsa yadda yake, ka sanar da hakan da bakinka a matsayin aikin da kamfani ke buƙata, domin haka ɗin ne.

Mutum biyun da suka ajiye aiki kuma ka neme su, ko ka aika wanda suke jin nauyinsa ya ji dalilinsu. Wanda ya riga ya tafi ba ya tsoron faɗin abin da na ciki ke ɓoyewa, kuma abin da za su faɗa zai nuna maka ko kamasho ne ya kore su, ko faɗa a gaban jama'a, ko umarni biyu masu karo da juna daga Mangu da Jos. Bayan wata uku da fara sabon tsarin, ka yi tafiyar mako biyu, ka faɗa wa manajojin uku cewa kada a kira ka sai a kan abin da takarda ta ce naka ne. Idan ka dawo, kafin ka buɗe littafin ciniki, ka sa kowannensu ya kawo maka jerin hukuncin da ya yanke ba ka nan da dalilin kowanne, ku bi su ɗaya bayan ɗaya, daga nan ka san wanda za ka ƙara wa adadi a takardarsa da wanda zai ƙara wata uku a kan na yanzu.